Tsakanin Aikatau da Suna: Tasarifin Aikatau a Jamusanci da Kalmomin da Suke Zama Sunayen Garuruwa da na Zuri'a

Tsakure

Harshen Jamusanci yana da tarin kalmomi waɗanda siffarsu ɗaya ce, ko an yi amfani da su a matsayin aikatau, ko sunan gari, ko sunan zuri'a. Essen birni ne, essen kuma yana nufin 'ci'. Brecht marubuci ne, brecht kuma yana nufin 'kuna karyawa'. Wannan maƙala ta bayyana yadda ake sarrafa aikatau a Jamusanci, ta bi diddigin asalin wannan kamanni, sannan ta fito da alamomin nahawu da suke raba gardama. An nuna cewa aikatau yana sauya siga gwargwadon aikau da lokaci, suna kuwa yana nan yadda yake, don haka sanin tasarifi shi ne mabuɗin rarrabe su.

1.0 Gabatarwa

Jamusanci harshen uwa ne ga mutane fiye da miliyan 90, kuma harshen hukuma ne a Jamus da Ostiriya da Suwizalan da wasu ƙananan ƙasashen Turai. Hulɗarsa da Hausa ta daɗe, tun daga ayyukan J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, har zuwa sashen Hausa na gidan rediyon Jamus da ɗaliban da suke tafiya can neman ilimi. Duk mai fassara labari ko takardar hukuma daga Jamusanci zai ci karo da wata matsala da ƙamus shi kaɗai ba ya warware ta. Idan shafin wasanni na jarida ya ce Essen siegt in Siegen, mai duba kalmomi ɗai-ɗai zai samu 'ci', 'yin nasara', 'cikin', 'yin nasara', ya rasa kan zancen. Abin da ake nufi kuwa shi ne ƙungiyar birnin Essen ta yi nasara a birnin Siegen. Kuskure irin wannan yana iya mayar da sunan mutum aiki, ko ya shafe sunan gari daga cikin labari gaba ɗaya.

2.0 Tasarifin Aikatau a Jamusanci

2.1 Sigar ƙamus da lokaci mai ci

Kowane aikatau na Jamusanci yana da sigar da ake shigar da shi ƙamus da ita, wadda Jamusawa suke kira Infinitiv. Wannan siga tana ƙarewa da ɗafa-ƙeyar -en, wani lokaci -n kawai. Idan aka cire ta, sai saiwa ta rage, kuma a jikin saiwar ake liƙa ɗafin da yake nuna mai aikin. Ga misali da siegen 'yin nasara':

ich siege 'ina yin nasara'
du siegst 'kana/kina yin nasara'
er/sie siegt 'yana/tana yin nasara'
wir siegen 'muna yin nasara'
ihr siegt 'kuna yin nasara'
sie siegen 'suna yin nasara'

A nan Jamusanci ya sha bamban da Hausa. Bahaushe yana cewa na ci, ka ci, ya ci, mun ci, sun ci, aikatau bai motsa ba, wakilin sunan da ya gabace shi ne yake ɗauke da mutum da adadi da lokaci. Bajamushe kuwa yana sa wakilin suna, kuma ya sauya ƙeyar aikatau.

Abin lura a jerin da ke sama shi ne sigar ƙamus ta sake bayyana tare da wir 'mu' da sie 'su'. Haka kuma ita ake amfani da ita tare da Sie, wakilin sunan girmamawa da ake fuskantar baƙo ko babba da shi. Ke nan siga mai ƙarewa da -en ita ce ta fi yawan fitowa a magana, kuma ita ce take yin kama da sunayen garuruwa.

2.2 Aikatau masu rauni da masu ƙarfi

Jacob Grimm, wanda ya fara wallafa nahawunsa na Jamusanci a 1819, shi ya raɗa wa rukunan aikatau biyu sunayen da ake amfani da su har yau. Masu rauni su ne waɗanda suke dogara da ɗafi wajen nuna shuɗaɗɗen lokaci. Suna ɗaukar -te, sannan a sigar kammalallen aiki su ɗauki ge- a goshi da -t a ƙeya: siegen, siegte, gesiegt. Idan saiwa ta ƙare da d ko t, sai a tsarma wasalin e domin sauƙin furuci, kamar baden 'yin wanka', badete, gebadet.

Masu ƙarfi kuwa wasalin cikin saiwarsu suke sauyawa. Adadinsu bai wuce kimanin 200 ba, amma a cikinsu ne mafi yawan aikatau na yau da kullum suke:

essen, aß, gegessen 'ci'
gießen, goss, gegossen 'zuba'
singen, sang, gesungen 'rera waƙa'
laufen, lief, gelaufen 'gudu'
brechen, brach, gebrochen 'karya'

Wasu daga cikinsu suna sauya wasali ko a lokaci mai ci, a mutum na biyu da na uku tilo: ich esse amma du isst, er isst, ich laufe amma er läuft, ich breche amma er bricht. Aikatau wissen 'sani' ya fita daban, domin ich weiß da er weiß ake cewa, sai a jam'i a koma wir wissen. Umarni ga mutum ɗaya yawanci saiwa ce tsurarta, ko tare da -e: koch 'dafa', horch 'saurara'.

2.3 Gurbin aikatau a jimla

A ganga tsayayya ta bayani, aikatau mai ɗauke da ɗafin mutum yana zama a gurbi na biyu, ko mene ne ya zo a farko. A tambayar da ake amsawa da i ko a'a, da kuma a umarni, shi yake buɗe jimla. A ganga dogarau kuwa can ƙarshe yake komawa. Idan akwai mataimakin aikatau, kamar werden da ake gina lokaci mai zuwa da shi, mataimakin ne yake zama a gurbi na biyu, sigar ƙamus ta tafi ƙarshen jimla. Wannan tsari ba ya sassautawa, shi ya sa yake da amfani wajen gane wace kalma ce aikatau.

3.0 Garuruwan da Sunansu Ya Yi Kama da Aikatau

Dalilin da ya sa garuruwan Jamus da yawa suke ƙarewa da -en yana cikin tarihin suna. A tsohon Jamusanci ana ambaton wuri da abin da ke cikinsa, bayan wata 'yar kalma mai nuna wuri kamar zu ko bei 'a wajen'. Sunan da ya biyo bayan waɗannan kalmomi yana shiga halin da ake kira Dativ, wanda jam'insa yake ƙarewa da -n ko -en. Da tafiya ta yi tafiya, 'yar kalmar ta faɗi, sunan ya daskare a wannan siga. Haka aka samu München, wanda aka fara ambata a rubuce a 1158, ma'anarsa 'a wajen sufaye'. Ɗafa-ƙeya biyu ne masu asali daban, ta aikatau da ta jam'in suna, suka gamu a siffa ɗaya.

Ana iya kasa waɗannan garuruwa gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda suke da dangantaka ta jini da aikatau ɗin. Baden ya samo asali daga jam'in Bad 'wurin wanka', kuma garuruwan da suke ɗauke da sunan a Jamus da Ostiriya da Suwizalan suna da maɓuɓɓugan ruwan zafi tun zamanin Rumawa, waɗanda suka kira irin waɗannan wurare Aquae 'ruwaye'. Na Jamus ya zama Baden-Baden a hukumance a 1931, domin a bambanta shi da takwarorinsa. Gießen, birnin jami'a a jihar Hessen a bakin kogin Lahn, ya samo suna daga tsohuwar kalmar da take nufin ƙoramu masu kwarara, saiwa ɗaya da gießen 'zuba'. Laufen kuma sunan wurare ne da ruwan kogi yake gudu da ƙarfi a kan duwatsu, kamar fadar Laufen da take kallon babban magangarin kogin Rhein kusa da Schaffhausen.

Kashi na biyu su ne waɗanda kamannin nasu gamuwa ce kawai. Essen, birnin yankin Ruhr da a da ya yi suna da kwal da ƙarafa, mai mutane fiye da rabin miliyan, ya taso ne daga gidan ibada na mata da aka kafa a wajajen 845, kuma tsohon sunansa Astnide ba shi da haɗi da cin abinci. Siegen, inda aka haifi mai zane Peter Paul Rubens a 1577, ya ɗauki suna daga kogin Sieg, wanda masana ba sa danganta shi da nasara. Singen, kusa da iyakar Suwizalan, an rubuta shi Sisinga a 787. Erlangen a jihar Bayern yana ɗauke da sunan itacen Erle mai tsirowa a bakin ruwa, alhali erlangen yana nufin 'samu'. Werden, tsohon gari mai gidan ibada da ya zama unguwar Essen a 1929, ya yi daidai da mataimakin aikatau werden. Saboda haka jimlar Wir werden in Werden essen daidai take a nahawu, ma'anarta 'za mu ci abinci a Werden'.

Wannan ba baƙon abu ne ga Bahaushe ba. Gaya gari ne a jihar Kano kuma aikatau ne, Dakata unguwa ce kuma umarni ne, amma ba a taɓa jin wanda ya ruɗe da jimlar na gaya masa a Gaya ba. Gurbin kalma a jimla yana bayyana matsayinta, kuma haka abin yake a Jamusanci.

4.0 Sunayen Zuri'a

4.1 Sunayen sana'a da na asali

Jamusawa sun fara riƙe sunan zuri'a da ake gada tun wajajen ƙarni na 12, aka fara daga manyan birane, al'adar ta bazu zuwa ƙauyuka cikin ƙarnukan da suka biyo baya. Sunayen da suka fi yawa a yau na sana'a ne, kuma da dama an gina su ne daga saiwar aikatau da ɗafa-ƙeyar -er, wadda take yin aikin da ma- yake yi a maƙeri da masaƙi. Schneider 'tela' daga schneiden 'yanka' yake, Weber 'masaƙi' daga weben, Fischer 'masunci' daga fischen, Becker 'mai gasa burodi' daga backen. Müller 'mai niƙa' shi ne kan gaba a yawa, Schmidt 'maƙeri' yana biye da shi. Akwai kuma sunayen da suke nuna inda kakan zuri'a ya fito, kamar Bayer da Hesse da Nürnberger, kwatankwacin yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari da sunayen garuruwansu.

Tun da rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun hukuma a duk faɗin daular Jamus a 1876, rubutun waɗannan sunaye ya tsaya cik. Gyare-gyaren ƙa'idojin rubutu na 1901 da 1996 ba su shafe su ba. Shi ya sa mai sana'ar burodi yake Bäcker, iyalin kuwa suke Becker, kuma ake samun Schmidt da Schmitt da Schmid a matsayin sunaye mabambanta a idon doka. Mai fassara ba shi da hurumin gyara su ko fassara su.

4.2 Sunayen da suka yi daidai da sarrafaffen aikatau

Wasu sunaye sun dace da wata siga guda daga cikin jerin tasarifi. Koch, sunan likitan nan Robert Koch da ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, yana nufin 'kuku', kuma ya yi daidai da umarnin kochen 'dafa'. Weiß yana nufin 'fari', kuma shi ne sigar wissen a mutum na ɗaya da na uku, don haka ana iya cewa Herr Weiß weiß es nicht 'Malam Weiß bai sani ba'. Sunan Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo da aka haifa a Augsburg a 1898, ya yi daidai da ihr brecht 'kuna karyawa', ko da yake asalinsa gutsure ne na tsofaffin sunayen yanka irin su Albrecht, daga kalmar da take nufin 'mai haske'.

Misalin da ya fi shahara shi ne na August Horch, maƙerin motoci. Ya kafa kamfani da sunansa a 1899, ya rabu da abokan harkarsa a Zwickau a 1909, shari'a kuma ta hana shi sa wa sabon kamfaninsa sunan Horch. Da yake horch umarni ne mai nufin 'saurara', sai aka fassara shi zuwa Latin, aka samu Audi a 1910. Sunan wannan mota umarni ne da aka juya daga wani harshe zuwa wani.

4.3 Sunayen jimla

Akwai rukunin da aikatau ɗin cikinsa na gaske ne, wato sunayen da asalinsu gajeruwar jimla ce da aka yi wa wani laƙabi da ita. Hassenpflug yana nufin 'ƙi garma', laƙabin manomin da noma bai dame shi ba. Bleibtreu yana nufin 'zauna da amana'. Sunan Störtebeker, ɗan fashin teku da aka kashe a Hamburg a wajajen 1401, ana fassara shi da 'kifar da ƙoƙo' a karin harshen arewacin Jamus, wato mai shanyewa a zama ɗaya. A sunayen yanka ma akwai Traugott 'dogara ga Allah' da Fürchtegott 'ji tsoron Allah'. Hausa tana da irin wannan gini a sunayen 'ya'yan wabi, kamar Abarshi da Abarta da Barmani, inda jimla sukutum ta dunƙule ta zama suna. A harsunan biyu, da zarar jimlar ta zama suna, aikatau ɗin cikinta ya daina karɓar tasarifi.

5.0 Daga Suna zuwa Aikatau

Tafiyar tana iya juyawa, suna ya haifi aikatau. Wilhelm Conrad Röntgen, wanda ya koyar a jami'ar Gießen kuma a can kabarinsa yake, ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a Würzburg a 1895. Da yake sunansa ya ƙare da -en, sai masu harshe suka ɗauke shi tamkar sigar ƙamus, suka cire ƙeyar suka sarrafa abin da ya rage: ich röntge, er röntgt, geröntgt 'an ɗauki hoton ƙashi'. A asibitocin Jamus ana furta sunan wannan masani kullum a matsayin aikatau.

Wani misalin ya fito daga halin yunwa da sanyi da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A huɗubarsa ta daren 31 ga Disamba 1946, babban limamin Katolika na birnin Köln, Josef Frings, ya nuna cewa wanda ya shiga matsananciyar buƙata yana iya ɗaukar abin da zai tsira da ransa idan ba shi da wata hanya. Mutanen gari, waɗanda suke kwasar kwal daga taragon jiragen ƙasa, sai suka ƙirƙiri fringsen 'ɗauka saboda lalura'. Haka aka samu morsen daga sunan Samuel Morse. Garuruwa ma sun ba da nasu: berlinern 'yin magana da karin harshen Berlin', da wienern 'goge abu har ya yi ƙyalli', daga wata farar ƙasar goge ƙarfe da ake dangantawa da Wien, babban birnin Ostiriya.

Duk waɗannan sababbin aikatau masu rauni ne: fringste, morste, berlinerte. Rukunin masu ƙarfi a rufe yake, ba ya karɓar baƙo. Idan aka ga aikatau yana sauya wasalin saiwarsa, to tsohon ɗan gida ne, ba daga sunan wani aka samo shi ba.

6.0 Hanyoyin Bambancewa

Alama ta farko ita ce babban baƙi. Jamusanci yana fara kowane suna da babban baƙi, aikatau kuwa da ƙarami, don haka Wir essen in Essen 'muna cin abinci a Essen' ba ta da ruɗani a rubuce. Sai dai wannan alama tana da iyaka. Ba ta aiki a farkon jimla, kamar a Essen Sie in Essen? 'a Essen kuke cin abinci?', inda Sie da ya biyo baya ne yake nuna cewa kalmar farko aikatau ce. Ba ta kuma raba sunan gari da sunan aiki, domin das Essen 'abinci' shi ma da babban baƙi ake rubuta shi.

A nan alama ta biyu take shigowa, wato mafayyaci. Sunayen garuruwa galibi ba sa ɗaukar der, die ko das. Saboda haka nach Essen yana nufin 'zuwa Essen', nach dem Essen yana nufin 'bayan cin abinci', wir gehen essen kuma 'za mu je cin abinci'.

Alama ta uku ita ce jituwa tsakanin aikau da aikatau. Gari ko mutum guda yana ɗaukar sigar mutum na uku tilo mai ƙarewa da -t. A Essen siegt in Siegen, kalmar siegt ce kaɗai take ɗauke da wannan ɗafi, kuma ita ce a gurbi na biyu, don haka sauran biyun sunaye ne. Idan Brecht ne aikau, Brecht bricht za a ce. Sunan zuri'a ba ya bin ko tasarifin sunan gama-gari: jam'in Koch 'kuku' shi ne Köche, ta mace kuma Köchin, amma iyalin ana ce musu die Kochs, uwargidan kuma Frau Koch.

A magana, inda babu babban baƙi, nauyin furuci yana taimakawa a wasu kalmomi. Birnin Erlangen ana danna gaɓarsa ta farko, aikatau erlangen kuwa ta biyu. Wannan er- mara nauyi shi ne kuma yake hana aikatau ɗin ɗaukar ge-, sai a ce erlangt kawai.

A ƙarshe akwai batun haruffa na musamman. Suwizalan ba ta amfani da ß, tana rubuta ss a madadinsa, kuma a layukan fasfo da na'ura take karantawa Weiß yana komawa WEISS, Müller kuma MUELLER. Mai cike takardun hukuma ko mai neman suna a kundi yana buƙatar sanin cewa mutum ɗaya ne.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kamannin da ke tsakanin aikatau da sunaye a Jamusanci yana da tushe uku: gamuwar ɗafa-ƙeyar -en ta aikatau da ta jam'in suna, sunayen da aka gina daga aikatau ko daga jimla, da kuma aikatau da aka ƙirƙira daga sunayen mutane da garuruwa. Dangantakar tana iya zama ta asali, kamar a Baden da Gießen, tana kuma iya zama ta siffa kawai, kamar a Essen da Brecht. Ta kowace fuska, matakin farko ga ɗalibi ko mai fassara shi ne ya nemo aikatau mai ɗauke da ɗafin mutum, ya duba gurbinsa, ya ga da wane aikau ya jitu. Kalmar da ta rage ba tare da ɗafi ko mafayyaci ba, mai yiwuwa sunan mutum ce ko na gari, kuma haƙƙinta a fassara shi ne a bar ta yadda masu ita suke rubuta ta.